Koyar da kimiyya a firamare: A sa hannu kafin a kunna bidiyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman firamare, da iyayen da ke taimaka wa 'ya'yansu da karatu a gida, kan yadda ake amfani da intanet wajen koyar da kimiyya.

A yau malamin da ke da wayar hannu ba ya rasa abin nuna wa yara. Bidiyoyin gwaje-gwaje sun yi yawa, har ya zama a wasu azuzuwan darasin kimiyya ya koma kallo: a ɗaga waya sama, yara su yi tsit na minti biyar, a rubuta taƙaitaccen bayani a allo, shi ke nan an gama. Mu a ganinmu shafukan intanet sun fi amfani ga malami a lokacin da yake shirya darasi. A cikin aji kuwa, yaro ya fara faɗin abin da yake tsammanin zai faru, ya gwada da hannunsa, sannan a kunna na'ura ta nuna masa ɓangaren da ido ba ya iya gani. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba: ba duk bayanin da ke rakiyar waɗannan bidiyoyi ne daidai ba, kuma wanda bai taɓa yin gwajin da kansa ba ba zai gane ba.

Ga misalin da ya fi yawo, wato kyandir a ƙarƙashin kwalba. Ana liƙa guntun kyandir a tsakiyar faranti, a zuba ruwa mai zurfin santimita 1, a ɗiga masa launi don a riƙa ganinsa sosai, a kunna kyandir, a kifa masa kwalba mai faɗin baki. Wuta ta mutu, ruwa ya haura cikin kwalba. Sai mai bidiyo ya ce wai wuta ce ta cinye iskar oksijin, ruwa ya hau ya cike gurbinta, wasu ma har su ɗauko rula su ce ga kashi 21 cikin 100 nan. Gaskiya ne oksijin kusan kashi 21 ne na iskar da muke shaƙa, amma bayanin ba ya tsayuwa idan aka ƙura ido. Da farko, kyandir yakan mutu tun mafi yawan oksijin ɗin na nan a cikin kwalbar. Na biyu, ƙonewa ba ta barin gurbi haka kawai, domin tana fitar da iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Na uku, kuma wannan yara da kansu za su gani, ruwan ba ya wani hawa a lokacin da wutar ke ci. Sai ta mutu yake zaburowa. Abin da ke faruwa shi ne wuta ta ɗumama iskar, iskar ta faɗaɗa, wani sashenta ya gudu ta bakin kwalba (a sa yara su duba kumfar da ke ɓulɓulowa a gindin kwalbar lokacin da ake kifa ta), da wuta ta mutu sai sauran iskar ta huce ta tsuke, iskar waje ta turo ruwa ciki.

Ba sai an yi gardama da baki ba. A kunna kyandir uku a ƙarƙashin kwalba guda. Oksijin ɗin da ke ciki bai ƙaru ba, amma ruwa zai fi hawa, saboda zafin ya fi yawa. Sannan a ajiye kyandir gefe ɗungurungum: a cika kwalbar da ruwan zafi, a bar shi minti ɗaya, a zubar, a yi maza a kifa ta a faranti. Ruwa zai hau a hankali ba tare da an ƙona komai ba. Yaro ɗan aji biyar da ya ga waɗannan biyun ya koyi abin da ya fi amsar kanta, wato yadda ake gwada bayani a ga ko zai tsaya. Wuta da ruwan zafi kuwa aikin malami ne shi kaɗai, yara su ja da baya, a kula da gashi da tufafi masu yalwa.

Wanda ke son ya nuna wa yara kason oksijin da gaske, tsatsa ce za ta yi masa aikin. A samo soson ƙarfe mai laushi irin wanda kafintoci ke goge katako da shi, a jiƙa ɗan ƙulli a ruwan khal na minti ɗaya don ya wanke man da ke jikinsa, a matse, a warware shi kaɗan, a cusa a gindin kofin gilashi siriri mai miƙaƙƙen jiki, a kifa a cikin ruwa. A yi alama inda ruwa ya tsaya. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu, idan tsawon iskar da ke ciki santimita 10 ne, ruwa zai hau kusan santimita 2, domin ƙarfen ya haɗe da oksijin ya zama tsatsa ba tare da ya saki wata iska a madadinta ba. A kifa wani kofin a gefe wanda babu soso a ciki don kwatance, kuma kada a ajiye su a rana. Inda aka fi tuntuɓe shi ne amfani da soson wanke tukunya mai sheƙi. Yawancinsa an yi shi ne da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mako zai yi ruwa ba zai motsa ba. A jiƙa ɗan yanki a bar shi ya kwana, in da safe ya yi ja, zai yi aiki.

Ga malamin da ke neman inda ake samun bayani mai inganci, muna ba da shawarar ɓangaren Science Snacks na shafin Exploratorium, wani gidan nuna kimiyya da ke birnin San Francisco a Amurka, wanda Frank Oppenheimer ya kafa a 1969. Kowane gwaji a wurin yana zuwa da jerin kayan aiki, yadda ake harhaɗawa, abin da za a lura da shi, da dalilin faruwarsa. Shafin Arvind Gupta na ƙasar Indiya kuma ya tara gajerun bidiyoyi na kayan wasan kimiyya da ake ƙerawa da tsinken shan lemo, marafan kwalba, tsofaffin jaridu da makamantansu. Irin waɗannan malami ne ya kamata ya kalla, ya ƙera, ya kawo abin a hannu.

Darasin lantarki shi ne inda haɗin hannu da na'ura ya fi yin kyau. A raba yara huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni batir ɗaya mai bolt 1.5, wanda ake rubuta wa 1.5V a jiki, da ƙaramin kwan tocila mai zare a ciki, da waya guda ɗaya tak mai tsawon santimita 20, an feƙe robar bakinta biyu. A ce su kunna kwan. Kada a nuna musu. Kusan dukkansu za su fara da haɗa kan batir da gindin kwan ta wayar, kamar wutar za ta bi ta shiga ta tsaya, kuma ba zai kama ba. A bar su su sha wahala na minti goma, a sa su zana duk haɗin da suka gwada, wanda ya kama da wanda bai kama ba. A ƙarshe wani zai gano cewa kwan na da wuraren taɓawa biyu, ɗigon da ke gindinsa da ƙarfen da ke gefensa, batir ma bakinsa biyu ne, kuma dole hanya ta zagayo ta rufe. A faɗa musu tun farko cewa in waya ta yi zafi a hannu su saki nan take. Hakan na nufin sun haɗa bakin batir biyu kai tsaye ba tare da kwan a tsakani ba, batirin zai ƙare cikin ɗan lokaci, yatsa kuma zai iya ƙuna.

Idan ƙananan kwayayen LED, wato 'yan fitilun nan masu ƙafa biyu marasa zare a ciki, ne a hannu, akwai abubuwa uku da ke ɓata darasi. Jan LED na buƙatar kusan bolt 2, saboda haka batir ɗaya mai bolt 1.5 ba zai kunna shi ba, sai malami ya ɗauka kwan ne ya mutu. Yana kuma da gaba da baya: doguwar ƙafarsa ce ke zuwa ɓangaren da ke da alamar tarawa, in aka juya ba ya kamawa. Sannan batir mai bolt 9 yana ƙona shi nan take in ba a sa resista, wato 'yar abar da ke rage gudun wuta, a tsakani ba, mai om 330 zuwa 470 (om shi ne ma'auninta) ta wadatar. Batir mai kama da kwabo, mai bolt 3, yana kunna LED ba tare da wata waya ba, sai dai haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaron yaro cikin sa'o'i kaɗan, don haka a ƙirga su lokacin rabawa da lokacin karɓa, ƙananan azuzuwa kuma a hana su gaba ɗaya. Soket ɗin bango ba ya cikin wannan darasi ko kaɗan, kuma a faɗa wa yara haka da babbar murya, domin wani zai je gida ya so ya ci gaba da gwaji.

Sai bayan kwan ya kama a hannunsu ne za a buɗe PhET. Wannan shiri ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda Carl Wieman, da ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 2001, ya fara a 2002, kuma kyauta ne. A cikinsa akwai gwajin kwaikwayo mai suna Circuit Construction Kit, inda ake jawo batir da waya da kwan a haɗa su a fuskar na'ura. Amfaninsa shi ne yana nuna ƙwayoyin lantarki suna tafiya a cikin waya. Yawancin yara suna tsammanin kwan na shanye wutar, wadda ke komawa batir ta ragu. A nan za su ga yawan da ke shiga kwan shi ne ke fita, kuma ƙwayoyin tun asali suna cikin wayar ko'ina, da an rufe hanya sai su motsa gaba ɗaya. In aka haɗa bakin batir biyu kai tsaye, sai ya kama da wuta a hoton, abin da ba wanda zai so ya nuna a zahiri. Amma yaron da aka fara masa da wannan hoton bai san wayar da ba a feƙe ba, ko batirin da ya yi sanyi, ko haɗin da ya saki, domin a cikin kwamfuta komai na kamawa. Ana iya sauke yawancin gwaje-gwajen PhET, kowanne a matsayin fayil guda, ya buɗe a waya ko kwamfuta ba tare da intanet ba.

Daga nan maganaɗisun lantarki mataki ɗaya ne. Ƙusa ta ƙarfe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, wayar jan ƙarfe mai rufi mita 1, batir ɗaya, da ƙananan kilif na takarda. A naɗe wayar sau 20 a jikin ƙusa, duk ta fuska ɗaya, a haɗa da batir, a ƙirga kilif nawa ta ɗauka. A ƙara naɗin zuwa 40 a sake ƙirgawa. In aka naɗa rabi ta dama rabi ta hagu, ɓangarorin za su kashe juna. Wayar da aka ciro daga tsohuwar na'ura mai juyawa tana da siririn fenti da ba a gani, sai an kankare bakinta da sanfefa. Kada haɗin ya wuce daƙiƙa goma a lokaci guda saboda zafi. Ƙusar kan riƙe ɗan maganaɗisu bayan an cire batir, don haka a yi amfani da sabuwa idan ana son kwatance na adalci.

Batirin lemun tsami kuwa, wanda bidiyoyi ke nunawa yana haska babban kwan ko yana cajin waya, a yi hattara da shi. Lemo ɗaya da aka soka wa ƙusa mai rufin zinki da guntun jan ƙarfe yana ba da kusan bolt 0.9, amma ƙarfin gudun wutar ya gaza abin da kwan tocila ke buƙata sau ɗaruruwa. Iyakar abin da za a samu shi ne a jera uku ko huɗu, zinkin wannan a haɗe da jan ƙarfen wancan, su kunna jan LED dishi-dishi a wuri mai duhu. Duk wanda ya nuna fiye da haka da lemo ɗaya ya ɓoye batir a wani wuri. Haka ma bidiyoyin da ke nuna farfela na juyawa har abada da maganaɗisu kaɗai.

Wani gwajin da yara ke so shi ne hura balan-balan da iskar da ke fitowa daga haɗin ruwan khal da bekin soda. A zuba mililita 100 na ruwan khal a gorar roba mai rabin lita, a ɗura ƙaramin cokali ɗaya na soda a cikin balan-balan ta mazurari, a ɗaura bakinsa a bakin gora, a ɗaga shi soda ta zube ciki. Za a samu iska fiye da lita 1. Ruwan khal da aka saba gani, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 100 ɗinsa ba ya iya cin fiye da kusan giram 7 na soda, wato kamar cokali ɗaya da rabi. In an ƙara cokali uku ko biyar, balan-balan ba zai ƙara girma ba, sai farar hoda ta kwanta a ƙasa. Wannan shi ne darasin: a ba rukunoni rabin cokali, cokali ɗaya, biyu da huɗu, a auna kewayen kowane balan-balan da zare, a tambaye su me ya sa biyun ƙarshe suka yi daidai. A sa su taɓa gorar, za su ji ta yi sanyi. A miƙar da balan-balan da hannu tukuna don ya yi laushi, kuma kada a taɓa rufe gorar da marfinta.

Yanayin iska ma na kayar da malami. Goga balan-balan a gashi don ya ɗauki gutsattsarin takarda yana aiki ne idan iska ta bushe, a ranar da ke da laima ba ya yi. Raɓar da ke taruwa a bayan kofin ruwan ƙanƙara kuwa akasin haka ne, in iska ta bushe sosai da ƙyar za a gan ta. A wannan na biyun yara kan ce ruwan ciki ne ya yoyo, sai a sa wa ruwan launi, a goge bayan kofin da farin ƙyalle, su ga babu launi. Bayan nan gwajin States of Matter na PhET zai nuna musu yadda ƙwayoyin ruwa ke warwatsewa da zafi suna taruwa da sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya: kowane gwaji malami ya yi shi kwana ɗaya kafin darasi, da ainihin kayan da yara za su riƙe, a irin ɗakin da za a yi shi.

Shuka ba ta buƙatar na'ura ko ɗaya. Kofuna huɗu masu nuna ciki, auduga a gindin kowanne, ƙwayar wake goma-goma. Na farko a jiƙa a ajiye a haske, na biyu a jiƙa a rufe a kwali mai duhu, na uku a bar shi a bushe, na huɗu a nutsar da ƙwayoyin a ruwa. Kusan kowane yaro zai ce na cikin duhu ba zai tsiro ba. Zai tsiro, har ya fi na haske tsawo, sai dai siriri ne, rawaya, ba ƙarfi, domin abincin da ke cikin ƙwayar yake ci. Saiwa ce ke fara fitowa, cikin kwana uku zuwa biyar. Na cikin ruwa zai ruɓe saboda rashin iska, kuma abin da ke samun na farko ke nan idan yara suka riƙa yi masa ban ruwa kowa da lokacinsa. Auduga ta jiƙe kawai, kada ruwa ya kwanta. Dalilin sa ƙwaya goma shi ne ɗaya ko biyu kan zama matattu tun asali, in guda aka shuka sai a yanke hukunci a kan kuskure.

Sha'anin wata yana daga cikin wuraren da na'ura ke da babban amfani, domin zagayen kamanninsa na ɗaukar kusan kwana 29 da rabi. Duk da haka a fara da ɗaki mai duhu, kwan fitila ɗaya ba murfi a tsakiya, kowane yaro da farar ƙwallo a kan tsinke. Fitila ce rana, kan yaro shi ne duniya. Ya miƙa hannu, ya ɗaga ƙwallon sama da kansa kaɗan, ya juya a hankali a inda yake tsaye, zai ga jinjirin wata, rabi, cikakke, har ya koma duhu. In ya sauke hannu inuwar kansa ta faɗa kan ƙwallon, wannan husufi ne, kuma a nan ake gyara kuskuren da har manya ke yi na cewa inuwar duniya ce ke rage wata kowane dare. Husufi ba ya faruwa duk wata saboda hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5. Ɗaki mai farin bango da tagogi a buɗe yana ɓata gwajin, domin haske na dawowa ta ko'ina. Daga baya manhajar Stellarium, wadda ke aiki a kwamfuta kyauta ba tare da intanet ba, za ta nuna sararin samaniyar wurin da ake a kowace rana aka zaɓa, a hanzarta lokaci wata guda ya wuce cikin minti ɗaya, yara su kwatanta da zanen da suka yi na watan da suka gani da idonsu.

Makarantar da ba ta da intanet kullum na iya sauke kaya sau ɗaya. Manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality ana ɗora ta a kwamfuta guda, sauran na'urori su ɗauki darussa daga gare ta ba tare da data ba, manhajar Kiwix kuma na adana Wikipedia da gwaje-gwajen PhET. Yawancin kayan nan da Turanci suke, don haka in za a nuna bidiyo a kashe sautin, malami ya yi bayani da harshen da yara ke ji, ya tsayar da hoton kafin sakamako ya bayyana ya tambaye su me zai biyo baya. A darasi na minti arba'in, minti biyar zuwa takwas sun ishi na'ura.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili lokaci zuwa lokaci don buga gwaji ɗaya da Hausa, wanda aka riga aka jarraba, tare da adadin kayan, matakan, da abubuwan da ke hana shi aiki, yadda malami zai yanke shafin ya shiga aji da shi.

Wassalam.

Naka,
Wasu malaman kimiyya na firamare